Lissafin da Na Yi a Gidan Takwarata a Shisha

Talata: Zariya zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da kwata, tun ba a kira assalatu ba, muka bar gida a Tudun Wada, ni da babban wana, Yaya Nura. Umma ta rako mu bakin mota tana maimaita abin da ta faɗa tun jiya: in sa ta a addu'a gaban Ka'aba, kuma kada in yi wasa da buhun Hajiya.

Buhun ƙarami ne. Gero mudu biyu, ƙullin daddawa da garin kuka, duk daga gonar gidanmu ta Tashar Gamji. Hajiya Sa'adatu ƙanwar kakanmu ce, sunanta aka sa mini. Tana da shekara goma sha biyu mahaifinta ya tafi da ita Hajji ta ƙasa, ta Chadi da Sudan. Ya rasu a Makka, ita kuma ta girma a can, ta yi aure, ba ta dawo ba. Ba a taɓa raba gonar tsakaninta da wanta ba. Abin da aka saba shi ne duk shekara a ba wani matafiyi ɗan abin da gonar ta bayar ya kai mata. Bana ni ce matafiyiyar.

Da saƙo na biyu kuma, wanda ba ya cikin buhu. Ana gobe za mu tashi Baffa Isiyaku, ƙanen mahaifinmu, wanda gidan ke hannunsa tun rasuwar Abba, ya kira ni zaure. Wasu na son sayen gonar su gina gidan mai, kuma ba sa son a gutsure musu ko'ina.

"Ki duba min yadda take zaune," in ji shi. "Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. In Allah ya rufa mata asiri, sai mu roƙe ta ta bar mana kasonta."

Na ce to. Har daɗi na ji da aka ba ni aikin manya.

Direbanmu Malam Bala, shatar naira dubu arba'in da biyar. Mun yi sallah a wani masallacin gidan mai kafin Kwanar Dangora. A shingen da ke gaba ɗan sanda ya haska buhun, ya tambayi abin da ke ciki.

"Daddawa ce, yallaɓai, za ta Umra," in ji Yaya Nura.

"Ta riga ni," ya ce, ya ɗaga mana hannu.

Bakwai saura kwata muna filin jirgi na Kano.

Cikin jirgi

Mun tashi goma saura minti ashirin. Kujerata ta taga ce, na daɗe ina kallon sahara a ƙasa, ja, a shimfiɗe kamar tabarmar da ba a taɓa zama a kanta ba. Daga baya na ciro littafin rubutuna mai baƙin bango.

Digiri na biyu nake yi a tarihi, kuma malamina ya ba ni tambaya ɗaya in dawo masa da amsarta. Kusan shekara dubu da suka wuce wani sarki ya ƙetaro teku daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi, ya ƙwace filayen manyan ƙasar ya raba wa mutanensa. Bayan kamar shekara ashirin sai ya baza wakilai gari-gari su rubuto masa komai: gona nawa, garma nawa, shanu, tumaki, wurin niƙa, wa yake riƙe da fili a da, wa yake riƙe da shi yanzu, nawa yake bayarwa. Tambayar ita ce, me ya sa?

Yaya Nura ya leƙo. "Haraji yake so. Rubuta haka ki rufe, ki bar ni in yi barci."

Na ce ai akwai haraji, akwai kuma yaƙin da ake shirin kawo masa daga arewa, yana son sanin wanda zai iya ciyar da sojoji nawa, yana kuma son sanin abin da ke hannun fadawansa. Duk na rubuta su. Amma gaskiya abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kyan aikin. Ƙasa guda a jere layi-layi, kamar an tsefe ta an yi mata kitso. Na karanta cewa mutanen ƙasar sun ɗauki abin a matsayin wulaƙanci, na wuce wurin ban tsaya ba.

Da aka sanar muna dab da miƙati muka ɗauki niyya. Jirgin ya cika da Labbaika, na rufe littafin.

Jidda zuwa Jarwal

Huɗu da minti goma agogonsu muka sauka. Hoton yatsu da jiran kaya suka ci sa'a ɗaya da rabi. A waje wani dogon mutum ya ji muna Hausa ya matso. Sunansa Adam, direban tasi ne, iyayensa daga Chadi suka zo, a nan aka haife shi. Ya ce riyal ɗari biyu da hamsin, Yaya Nura ya ce ɗari da hamsin.

"Ya Alhaji, ka taɓa sayen fetur a ƙasar nan?"

"Ai na ji kamar ruwa yake."

"To ruwan ma da kuɗi. Halas, ɗari biyu, yalla."

Tafiyar kilomita tamanin da ɗoriya ce, titi ɗoɗar, duwatsu baƙaƙe hagu da dama. A shingen Shumaisi aka duba takardunmu aka sallame mu. Ana kiran magariba muka shiga unguwar Jarwal a Makka. Masaukinmu hawa na tara, riyal ɗari da arba'in kwana ɗaya, taga tana kallon bayan wani otal ɗin.

Laraba: Harami

Minti goma sha takwas ne a ƙafa daga masauki zuwa ƙofar Harami. Bayan asuba muka yi Umra. Ba zan iya ba ku labarin ganin Ka'aba na farko ba. Duk baitocin da na tanada tun daga gida sun watse, na tsaya ina ta cewa Alhamdulillahi kamar wadda ba ta san wata kalma ba. Na yi wa Umma addu'a, na yi wa Abba.

Da rana mun ci shinkafar da suke kira buhari da rabin kaza, riyal goma sha takwas. A wani lungu na ga wata Bahaushiya da kular fura, kofi riyal biyar. Ta ce ita 'yar Maradi ce, amma Maradin a baki kawai ta san ta.

Alhamis: Shisha

Zuwa unguwar Shisha tasi riyal talatin, minti ashirin da biyar, rabin hanyar ta cikin ramin dutse. Gidan bene ne mai hawa huɗu, su suna na uku. Goggo Zahra, 'yar Hajiya, ta buɗe mana, mace mai jiki da saurin magana, Hausarta rabi Larabci. Ta rungume ni har sai da numfashina ya ɗauke.

Hajiya na zaune a ƙasa kan katifa, 'yar ƙarama, fuskarta sak ta kakanmu.

"Wace ce ta sace min suna?" ta ce. "Matso in ga ɓarauniyar."

"Aro na yi, Hajiya."

"Shekara ashirin da nawa kina aro? Zauna, takwara."

Na kwance buhun. Ta cusa hannunta cikin geron har wuyan hannu, ta bar shi a ciki. Sai ta ɗauki daddawar ta shinshina.

"Ta ɗorawar gabas ce. Ta yamma ɗaci gare ta."

Na yi murmushi irin wanda ake yi wa tsofaffi. A raina na ce, shekara saba'in.

Yaya Nura ya koma Jarwal bayan la'asar, ni aka ce in kwana biyu. Yara suna ta shigowa suna sumbatar kan Hajiya, suna ce mata Sitti, wato kaka. Na tambaye ta jikokinta nawa.

"Ba a ƙirga su, takwara. Alhamdulillahi ake cewa."

Na san haka. Umma ma ba ta taɓa faɗin yawanmu da baki ba. Amma kafin magariba na ƙirga su a zuci, sha huɗu.

Juma'a: lissafin

Mun karya da ful, dafaffen wakensu, da burodin tamis mai zafi. Goggo ta shiga wanka, Hajiya ta kishingiɗa da carbinta, ni kuma na ɗauki littafina na zaga gidan.

Gidan cike yake, ta gefe ake bi a wuce. A baranda firiza uku. A ɗakin baya kekunan ɗinki huɗu, darduma manya sha ɗaya a naɗe, akwatunan ƙarfe tara a kan juna, tukwanen biki, na'urar sanyaya ɗaki biyu a kwali. Kowane abu da ɗan ƙyalle ɗaure a jikinsa, wani kore, wani ja, wani mai ɗigo-ɗigo. Sun ba ni sha'awa. Na rubuta a gefen shafi cewa a gidan nan har kaya ma suna ɗaura ɗankwali.

Baffa cewa ya yi in duba. Bai ce in ja layi ba. Ni na ja layi uku da bayan katin masauki: abu, adadi, ƙimar kuɗi. Na shiga waya na nemo farashi, na mayar da riyal naira. Na sa awarwaron da ke hannun Hajiya guda shida, na sa ɗakuna huɗu, na sa jikoki sha huɗu a ƙasa. Ya fito tsaf, har na ɗan ja baya ina kallonsa. Na sake buga shi a waya, na tura wa Baffa ƙarfe goma da minti arba'in, na ƙara da cewa, "Alhamdulillahi, tana cikin wadata."

Daga nan na yi alwala muka tafi Harami sallar Juma'a, zuciyata wasai.

Asabar: Kudai

Da hantsi Goggo ta ce in zo in kama mata. Ta jawo ɗaya daga cikin kekunan ɗinkin, mai koren ƙyalle. Hajiya ta ɗago kai daga katifa.

"Ba wannan ba. Koren mai ratsi ne na Hawwa. Wannan na matar Usman ne, ita sai Allah ya dawo da ita."

Muka canza. Muka sauko da shi hawa uku muna hutawa a kowane hawa. Mai ƙaramar motar ɗaukar kaya ya karɓi riyal arba'in, muka zauna a kujerar baya.

"Gyara za a kai shi?" na tambaya.

"Wane gyara? Mai shi za a kai wa. Amana ce."

Ta yi min bayani tana gyara mayafi, kamar abin da kowa ya sani. Da aka rushe tsohuwar unguwarsu ta kan dutse, maƙwabta suka watse. Wasu sun raɓa gidan dangi, ɗaki ɗaya, ba wurin kaya. Wasu takardar zamansu ta ƙare aka mayar da su gida da kayan jikinsu. Kowa sai ya kawo wa Hajiya nasa, don an san ta. Ba ta rubutu, ƙyalle take yagowa daga tsohon zanen mai kayan ta ɗaura.

"Firiza ukun fa?"

"Ɗaya namu, shi ma ƙofarsa sai da igiya."

"Dardumomin?"

"Ya binti, mu da muke biyan ijar wata-wata, haya ke nan, me za mu yi da darduma sha ɗaya? Ummi ko awarwaron hannunta na wata ne. Ta ce a hannu ya fi tsira da a akwati."

Ba ni na ce mata sha ɗaya ba, ita ta faɗa, amma sai na ji kamar daga littafina ta karanto.

Kudai wuri ne na motoci, manyan bas suna shiga suna fita, shaguna a jere. Hawwa ta samu ɗaki biyu a bayan wani shagon taya, bayan shekara biyu a gidan ƙanwarta. Da ta ga keken ta durƙusa ta shafa shi, ta kwance ƙyallen ta ce, "Zanen sunan ɗana Ahmad ne wannan." Ta ba mu shayi mai na'ana'a, na sha ban ji ɗanɗanonsa ba. Ina ta shirya yadda zan rubuta wa Baffa gyara da zarar mun koma.

Mun shiga tasi sha biyu da rabi. Ba mu yi nisa ba wayar Goggo ta yi ƙara. Ashe tana cikin zauren WhatsApp na danginmu, an sa ta tun wani biki, ba ta magana don rubutun boko ba ya karantuwa gare ta, da na Larabci ta tashi. Ta miƙo min.

"Karanta min. Na ga kamar sunan Ummi."

Lissafina ne. Baffa ya tura shi gaban mutum sittin da wani abu, da sunana a sama.

Wannan wurin ne na fi jin nauyin rubutawa. Cewa na yi, "Gaisuwa ce, Goggo." A Makka, kwana uku da gama Umra.

"Gaisuwa da lambobi?" Ta karɓi wayar. A ƙasa akwai saƙon murya, ta danna. Muryar Baffa ta cika motar: ga abin da Sa'adatu ta gano da idonta, Hajiya ta fi mu duka, firiza uku, zinariya, saboda haka maganar kasonta a gona ta zama ta cika baki kawai, Litinin mai zuwa za a sa hannu.

Direban ya rage rediyo, sannan ya ƙara shi fiye da da.

Goggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Har yaran kika ƙirga?"

Na ce eh.

Muka isa Shisha. Ni na miƙa kuɗin tasi, ta ture hannuna ta biya.

Asabar, bayan azahar

Na so Goggo ta rufa min asiri, na kuma san ban cancanta ba. Ta ajiye wayar gaban Hajiya ta sake kunna saƙon, sannan ta shige kicin.

Hajiya ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Ɗauko littafin."

Na ɗauko.

"Karanta min dukiyata in ji. Ban taɓa sanin ina da ita ba."

Na karanta. Duk layin da na faɗa sai ta ba shi suna. Firiza na Maryama mai ƙosai. Tukwane na gidan Malam Idi. Akwati uku na wata yarinya da aka mayar Damagaram da tsohon ciki. Da na zo kan jikoki na tsaya.

"Su ma amana ne," in ji ta. "Wa ya koya miki wannan aikin, takwara? Kyau gare shi."

Ban san abin da ya sa ba, sai na ba ta labarin sarkin Ingila da wakilansa. Wataƙila ina neman wanda zan raɓa da shi ne. Ta saurara da kyau, ta fi Yaya Nura.

"Ƙasar tasa ce?"

"Ya ci ta da yaƙi."

"To shi ya sa. Uwa ba ta ƙirga 'ya'yanta, ta san su. Wanda ya shigo daga waje shi ke ƙirga, don ya san abin da zai ɗauka. In ya rubuta kuma, shi ke nan, gobe in mai abu ya zo sai a buɗe masa takarda." Ta gyara zama. "Masu gonakin, an tambaye su?"

Na ce an tara mutanen kowane yanki an rantsar da su, su suka ba da shaida.

"Ya fi ki, ashe. Ke ba ki tambayi kowa ba."

Na sunkuyar da kai. Hawaye na ɗiga kan layukan da na ja, tawadar tana bajewa.

"Bar kukan, ba ki gama aiki ba. Buɗe sabon shafi, tunda hannunki na ƙaiƙayi."

Ta rufe ido ta fara. Daga hanya, in ka shiga ta wajen kuka mai kogo. Ka bi jerin gamba ka yi gabas har ɗorawa biyu, ta gabas mai daɗi, ta yamma mai ɗaci. Tsohuwar rijiya a kudu da su, taku kamar talatin, nata takun na yarinya. Daga rijiya ƙasa ta fara ja, nan gero ya fi yi. A ƙarshen jar ƙasar, inda gonar ta haɗu da ta gidan maƙera, babanta ya binne fasasshen dutsen niƙa a gindin gamba, ita ta riƙe masa fartanya ranar.

"Nan nake kai musu abinci. Shekara saba'in ina zaga ta kafin barci ya ɗauke ni."

Ta buɗe ido. "Ki gaya wa Isiyaku ban yafe ba, kuma ba kuɗi nake so ba. A garin nan ba ni da ko taku ɗaya. Gidan haya, takarda sai an sabunta, kabarin ma in an kwana biyu wani za a sa. Yaran nan da kika ƙirga, in wata rana aka ce su tafi, ina za su sa ƙafa? A auna min nawa ta wajen ɗorawa. Ya sayar da nasa."

Na yi saƙon murya a zauren dangi a gabanta, don Goggo ma ta ji daga kicin. Na ce lissafin da aka tura ni na yi shi, ƙarya ne daga sama har ƙasa, kayan mutane na ƙirga, kuma Hajiya ba ta yafe kasonta ba. Sau uku ina farawa kafin ya fita. Baffa ya saurara, na ga alama, bai amsa ba.

Lahadi zuwa Laraba

Na koma Jarwal ranar Asabar ɗin da yamma. Yaya Nura ya riga ya ji komai. Bai yi min dariya ba, na kuwa so ya yi. Lemo ya sayo min, riyal biyu, ya ajiye ya fita.

Sauran kwanakin a Harami na yi su. Ina ɗawafi ina kama kaina da ƙirga abubuwa, fitilu, ƙofofi, tantabaru, sai in runtse ido. Ranar Talata na koma Shisha sallama. Hajiya ta sa an dama kunu da geron, ta ce in sha in ji ƙasarmu. Ta yagi bakin tsohon ɗankwalinta, shuɗi, ta ɗaure littafina da shi.

"Yanzu ya zama amana. Saura ki ƙirga shi cikin kayanki."

Goggo ta ba ni dabino da turare in kai wa Umma. Ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ba ta rungume ni ba.

Alhamis: komawa

Adam ya zo ɗaukar mu ƙarfe shida na safe, kuɗin bai canza ba. Jirgi ya tashi sha ɗaya da rabi, muka sauka Kano biyu da 'yan mintuna agogon gida. Malam Bala yana jira. Ruwa ya tare mu a Kwanar Dangora, ƙasa ta tashi da ƙamshi, biyar da rabi muna ƙofar gida. Umma ta karɓi dabinon, ta dube ni ta ce, "Na ji muryarki a waya." 

Ba a sa hannu ranar Litinin ɗin ba. Masu saye sun ce sai an warware.

Asabar: Tashar Gamji

Kilomita talatin da biyu daga gida, kan hanyar Funtuwa. Mun tafi da Baffa da Yaya Nura, mai unguwa ya same mu a can da igiyar awo.  Da muka sauka Baffa ya ce, "Wadda ta bar nan tun ana kashe kwabo ita za ta nuna min iyaka?"

Na kwance shuɗin ƙyallen na fara karantawa. Kuka mai kogo tana nan. Gamba ta yi ƙaranci amma jerinta bai ɓace ba. Ɗorawa biyu suna nan. Rijiyar ta cike, sai dai ƙasar wurin ta lotsa, kuma taku ashirin da biyu ne nawa. Muka bi jar ƙasa har ƙarshe. Mai unguwa ya ce shi bai taɓa jin labarin wani dutse ba.

Baffa ya karɓi fartanya da kansa, ina jin don ya kashe maganar. Sara na bakwai ko na takwas ƙarfe ya yi ƙara. Ya durƙusa ya share da hannu. Rabin dutsen niƙa ne, bakinsa a fashe.

Ya daɗe a durƙushe. Da ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya ce wa mai unguwa, "A auna mata nata, ta wajen ɗorawa." Sannan ya juyo gare ni. "Ke kuma, ni cewa na yi ki duba. Wa ya ce ki ja layi?"

Gaskiyarsa ce ta wannan gefen.

Masu gidan mai sun janye, sun ce abin da ya rage ya yi musu kaɗan. Baffa har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu. Malamina kuwa na kai masa amsa shafi goma sha biyu, da harajin da yaƙin da fadawan duka, amma na buɗe ta da cewa sarkin ya ƙirga ƙasar ne domin baƙo ne a cikinta, kuma yana son abin da ya ƙwata ya zauna a rubuce. Ya ja layi a ƙarƙashi ya tambayi inda na samo. Na ce a Shisha, hawa na uku.

Ranar awon gonar mun dawo Tudun Wada ana kiran la'asar, takalmana jajaye da ƙasa. Na gode wa Allah da ya kai mu ɗakinsa ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yaya Nura da lemonsa, da Malam Bala, da Adam, da Hawwa da shayin da ban ji daɗinsa ba, laifin ba nata ba ne. Na gode wa takwarata. Na tura wa Goggo Zahra hoton dutsen a ranar, da saƙon murya ina neman gafararta. Ta buɗe, ba ta amsa ba tukuna. In ɗorawar gabas ta zuba bana, ni zan daka daddawar da hannuna, kuma wanda zai kai ba zan ba shi wani saƙo ba sai buhun.